Kaset ɗin Kawunka da Na'urar da Kake Son ta Ƙarasa Shi

Ɗana, tambayar da ka yi mini ranar Asabar muna cikin ɗakin tace hoto ta fi ƙarfin amsar tsaye, shi ya sa na ce ka dakata in rubuto maka a natse. Ka ce ka tsinci wani kaset na VHS a cikin adakar marigayi kawunka, Allah ya jiƙansa, wanda ya naɗa daga talabijin tun ba a haife ka ba, kuma a cikinsa akwai kimanin minti 12 na wani wasan kwaikwayo na Hausa wanda duk gidanku an rasa mai tuna sunansa. Kana so ka ba manhajar ƙirƙirarriyar basira ta wanke hoton, ta kwaikwayi fuskoki da muryoyin 'yan wasan, ta ƙarasa labarin har ƙarshe. Daga nan ka ƙara da abin da na lura shi ne ainihin abin da ke cin ranka: tunda na'ura tana iya rubuta wasan rabin awa kafin shayi ya huce, mene ne amfanin watannin da nake tura ka zaman kasuwa da tasha da bakin kotu kana sauraron mutane kana rubutawa a littafi?

Bari in fara da kaset ɗin, domin abin da ke hannunka ya fi yadda kake zato daraja. An buɗe gidan talabijin na farko a Najeriya a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962, a 1977 aka haɗe tashoshin ƙasar ƙarƙashin NTA, sannan a farkon shekarun 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano, wanda yau ake kira ARTV. Daga wancan lokaci har zuwa 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya aka shiga zamanin finafinan bidiyo, waɗannan gidaje su ne makarantar duk wani mai son wannan sana'a tamu. Daga Kaduna aka san Samanja Mazan Fama da Karambana da Magana Jari Ce, daga Sakkwato Idon Matambayi, daga Jos Karkuzu, daga Kano Kuliya Manta Sabo. Waɗannan su ne waɗanda sunansu ya rayu. A bayansu akwai wasu da dama da aka nuna na zango ɗaya ko biyu, unguwa ta taru a gidan mai akwatin talabijin ta kalla, aka yi dariya, aka kwana ana maimaita maganganunsu, yau kuwa ko sunansu ba a samu a bakin kowa. Wasan da ke cikin kaset ɗinka na wannan rukuni ne.

Dalilin ɓacewarsu ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya yi aiki a lokacin. Faifan naɗar hoto daga ƙasar waje ake sayo shi da tsada, tun daga manya masu faɗin inci 2 har zuwa kaset ɗin U-matic da Betacam, kuma amfaninsa a idon masu gudanarwa shi ne ana iya goge shi a ɗora wani abu. Idan an nuna wasa, aikinsa ya ƙare. Gobe akwai taron gwamna ko wasan ƙwallo, babu sabon kaset a sito, sai a ɗauko na wasan makon jiya. Ni da hannuna na yi wannan a gidan da na yi aiki, ba sau ɗaya ba, bisa umarnin na gaba da ni, kuma akwai wani wasa na mutum huɗu da muka kwana biyu muna ɗauka wanda har yau idan na tuna na danna maɓallin da ya shafe shi sai zuciyata ta yi nauyi, domin uku daga cikin mutanen nan sun riga mu gidan gaskiya kuma 'ya'yansu ba su da ko daƙiƙa ɗaya ta motsin iyayensu. Wanda ya tsira daga gogewa kuma bai tsira daga yanayinmu ba: zafin bazara, laimar damina da ƙurar hunturu sun isa su lalata kaset a ɗakin da babu sanyi.

Kada ka ɗauka mu kaɗai muka yi wannan asara. BBC da kanta ta goge ɗimbin shirye-shiryenta a shekarun 1960 da 1970, ciki har da kashi-kashi na wasan Doctor Who. Abin da zai ba ka mamaki shi ne inda aka samo wasu daga ciki. A watan Oktoba na 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin faifai, Philip Morris, ya gano kashi 9 da suka ɓace a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos, inda suka shekara da shekaru a cikin gwangwanayensu tun lokacin da aka aiko su don nunawa a nan. Bayan wannan tsintuwa saura kashi 97 ake nema a lokacin. Ka duba da kyau: mutumin nan ya taso tun daga Ingila yana bin sito-sito a ƙasashen Afirka don neman nasu, kuma da ya samu, abin da ya mayar gida shi ne ainihin abin da aka ɗauka. Haka aka yi da fim ɗin Shaihu Umar na 1976 wanda Adamu Halilu ya ba da umarni. An yi zaton ya salwanta, sai aka tsinci gwangwanayensa a taskar Hukumar Finafinai ta Najeriya a 2016, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. A duka biyun nema aka yi da ƙafa, aka gyara da haƙuri.

Yanzu ga inda tambayarka ta farko ta haɗu da ta biyu. Yawancin wasanninmu na wancan zamani ba a rubuta su kalma da kalma ba. Mai ba da umarni zai zo da ƙashin labarin a takarda ɗaya ko biyu, ya tara 'yan wasa ya ce wannan fitowar ga inda za ta fara, ga inda nake so ta tsaya, kai ka zo karɓar bashi, kai kuma ba ka da shi amma ba ka so maƙwabta su ji. Sauran duk daga bakin ɗan wasa yake fitowa, a gwada sau biyu ko uku, a ɗauka. Ma'anar wannan ita ce ranar da aka goge kaset, babu rubutun da ya rage a baya, komai ya tafi tare. Ita kuwa wannan na'ura da kuke kira mai basira, duk abin da ta iya daga abin da aka ajiye ta koya. An loda mata rubuce-rubuce da hotuna da sauti masu yawan gaske, akasarinsu daga intanet, ta koyi wace kalma ce ta fi yawan bin wace, wane hoto ne ya fi dacewa da wane bayani. Abin da bai shiga taskar ba, ba ta san da shi ba. Rabon Hausa a cikin wannan taska ƙanƙani ne, kuma cikin ɗan abin da ke akwai, kaso mai yawa labaran duniya ne da aka fassaro daga Turanci. Hausar da aka yi wasan cikin kaset ɗinka da ita, ta zaure da ta bakin rijiya da ta masu awo a shekarun 1980, kusan ba ta cikin abin da aka ciyar da ita. To da me za ta ƙarasa maka labarin? Za ta ƙarasa da abin da take da shi, wato ginin wasannin wasu mutane, ta ɗora masa hula da babbar riga.

Ɗauki Samanja ka yi nazari. Usman Baba Pategi, wanda ya fito a matsayin Samanja, ya kuma rasu a watan Nuwamba na 2023, Banufe ne daga Pategi, kuma soja ne na gaske wanda ya shiga aikin a lokacin yaƙin basasa. Hausar barikin da yake yi, yadda yake karya harshe ya gauraya da Turancin buroka, yadda yake daka tsawa ga kurata sannan ya koma gida ya sauko, ba a littafi ya karanto su ba. Ya zauna da mutanen, ya ci abinci da su, ya ga yadda mai igiya uku yake tsayawa gaban hafsa da yadda yake tsayawa gaban matarsa. Shi ya sa tsohon soja idan yana kallo yakan ce wannan wane ne na bataliyarmu. Da a ce babu Samanja a duniya, ka ce wa na'ura ta ƙirƙiro maka wasan barkwanci na Hausa, ba za ta taɓa kawo maka shi ba, domin ita tana bin hanyar da ƙafafu suka fi takawa ne, shi kuwa ya fito ne daga wata kusurwa da mutum ɗaya tak ya tsaya a cikinta. Haka Kasimu Yero na wasan Karambana, wanda ya rasu a 2017: abin da ya sa ba a mantawa da shi ba kalmomin kawai ba ne, har da inda yake yin shiru, da tsawon shirun, da kallon da yake bi da shi. Wannan awo ne da mutum yake koya a gaban jama'a, yana jin lokacin da numfashinsu ya tsaya.

Ba ra'ayin tsoho kawai nake gaya maka ba. A 2024 wasu masana biyu a Ingila, Anil Doshi da Oliver Hauser, sun wallafa wani bincike a mujallar Science Advances. Sun sa mutum kusan 300 kowa ya rubuta gajeren labari mai jimla 8. Wasu sun rubuta da kansu, wasu an ba su damar karɓar shawara ɗaya daga na'ura, wasu har biyar, sannan aka ba wasu mutum 600 su karanta su auna. Sakamakon yana da fuska biyu, kuma ina so ka riƙe duka biyun. Labaran da aka rubuta da taimakon na'ura sun fi samun yabo, musamman na waɗanda hannunsu bai faɗa ba, amma kuma labaran sun fi kama da juna. Kowane mutum shi kaɗai ya ɗan ci riba, taron marubutan gaba ɗaya ya yi asarar bambanci. A wannan shekarar kuma aka buga wani binciken a mujallar Nature da ya nuna cewa idan aka riƙa koyar da na'ura da abin da na'ura ta rubuta, zubi bayan zubi, abubuwan da ba a cika samu ba su ne suke fara ɓacewa, har abin ya lalace. Ka kawo wannan gida ka auna. Masana'antarmu tun kafin zuwan na'ura ana yi mata ƙorafin maimaita labari ɗaya, na kishiya da na ɗan talaka mai son 'yar attajiri. Idan marubuta ɗari a Kano da Kaduna da Jos da Maradi suka koma ɗibar ruwa a rijiya ɗaya, wadda ita ma daga waɗannan labaran aka cika ta, ina za a samu wani sabon Karkuzu?

Abin da na fi ji maka tsoro kuwa ya fi wannan kusa da kai. Wanda ya shekara talatin yana rubutu idan na'ura ta miƙo masa fitowa, yana da ma'aunin da zai gane cewa wannan tsohuwar ba haka za ta yi wa surukinta magana ba, cewa a nan habaici ya kamata, kuma amsar da ta dace ita ce a tashi a bar ɗakin. Kai ma'aunin naka yanzu ake ƙera shi, kuma ba a ƙera shi sai a daidai wurin da kake so ka tsallake, wato zaman da kake yi gaban farar takarda ka rubuta ka yage, ka sake rubutawa, ka karanta wa abokinka ka ga fuskarsa ba ta motsa ba, ka koma ka nemo dalili. Idan na'ura ta ɗauke maka wannan wahala tun yanzu, za ka zama mai zaɓe tsakanin abubuwan da aka miƙo maka, alhali ba ka da abin da za ka yi zaɓen da shi, sai ka riƙa karɓar duk abin da ya yi santsi. Littafinka na kasuwa na duba shi makon jiya. Akwai inda ka rubuta cinikin da aka yi tsakanin wata dattijuwa da mai tumatir, ta taya, ya ce albarka, ta juya ta yi taku uku tana magana da jikarta da ƙarfi don ya ji, shi kuma ya yi kamar yana gyara kwando. Wannan shafi ɗaya ya fi mini duk wasannin da ka nuna mini a wayarka, domin kai kaɗai ne ka tsaya a wurin a ranar, kuma da ba ka rubuta ba da ya bi sahun kaset ɗin da muka goge.

Game da kwaikwayon fuska da murya, a nan ba ni da sassauci. Mutanen da ke cikin kaset ɗin nan wataƙila da yawansu sun rasu. Sanya wa mamaci magana a baki, da muryarsa da fuskarsa, maganar da bai taɓa faɗa ba, ƙarya ce aka yi masa a lokacin da ba shi da ikon musantawa, kuma yana da iyali da za su gani. Ko a Amurka, inda aka fi kowa rungumar wannan fasaha, sai da marubutan fim suka yi yajin aiki na kwana 148 a 2023, 'yan wasa suka yi na kwana 118, kuma batun na'ura yana cikin manyan abubuwan da aka yi jayayya a kai. Marubutan sun samu cewa ba za a tilasta wa marubuci amfani da ita ba, kuma dole kamfani ya sanar da shi idan abin da aka ba shi na'ura ce ta rubuta. 'Yan wasa sun samu cewa sai da izini da biya za a kwaikwayi siffar mutum, idan ya rasu kuma a nemi izinin masu wakiltarsa. Mu da muke kiran wannan amana bai kamata a ce wasu sun fi mu kiyaye ta ba. Akwai kuma wata ɓarnar da ba a gani nan take: idan ka saki wasan da ka ƙarasa, bayan shekara goma babu mai iya rarrabe minti 12 na gaskiya da sauran da aka ƙaga, sai jabun ya zama shi ne tarihi.

Ba na ce ka guji na'urar ba, kuma kada ka je ka ce maigidanka ya haramta ta. A wannan ɗakin namu muna amfani da ita, kuma na ga alherinta. Tana rage ƙarar iska da gurnanin janareto a cikin sauti, aikin da a dā yakan cinye mana yini guda. Tana taimakawa wajen mayar da hira rubutu, ko da yake Hausarta sai an bi ta layi-layi an gyara. Tana saukaka fassarar da ake sawa a ƙasan hoto, da tsara jadawalin ɗauka da lissafin kuɗi. Duk aikin da ka san yadda sakamakonsa ya kamata ya kasance, kuma kana iya gane kuskure idan ta yi, ba ta shi ka huta. Sai dai ka yi hattara da abin da ake kira wanke hoto, domin manhajar ba tono abin da ya ɓoye take yi ba, cike gurbi take yi da hasashe. Na ga an wanke wani tsohon hoto an shafe wa dattijo tsagar fuskarsa saboda manhajar ta ɗauka datti ne, na kuma ga an mayar da aikin hular wani zane da babu shi a ƙasar Hausa. Idan za ka wanke, ka wanke kwafi, ka rubuta a jikinsa cewa wankakke ne, ka bar na asali yadda yake da duk dishi-dishinsa.

Ga abin da nake so ka yi da kaset ɗin. Kada ka sake sa shi a cikin na'urar bidiyon gidanku. Ka leƙa ta tagarsa, idan ka ga farin abu kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce, kuma kunna shi a haka zai lalata shi ya lalata kan na'urar. Wasu tsofaffin kaset, musamman irin na tashoshi, sukan sha laima su yi danƙo, masu gyara sukan gasa su a wani tanda na musamman da zafi kusan digiri 50 na tsawon sa'o'i kafin su kunnu, amma wannan ba aikin da za ka gwada a gida ba ne. Ka ajiye shi a tsaye kamar littafi, a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Lokaci ba ya gefenmu, domin kamfanin ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, Funai na Japan, ya daina tun 2016, waɗanda suka rage kullum raguwa suke yi. Ina da guda ɗaya mai lafiya a gida. Za mu juye shi cikin kwamfuta sau ɗaya, daga farko har ƙarshe, har da tallace-tallace da sanarwar da ke gaba da bayan wasan, domin sau da yawa a nan ake gane tashar da shekarar. Za mu yi kwafi uku, ɗaya a wurinka, ɗaya a wurina, ɗaya a wani gari.

Bayan haka aikin ƙafa ya rage, kuma naka ne. Ka ɗauki hoton fuskar kowane ɗan wasa daga cikin minti 12 ɗin nan, ka bi tsofaffin ma'aikatan gidajen talabijin da 'yan tsofaffin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, zan ba ka sunayen waɗanda na sani da unguwanninsu. Ka je da ladabi, ka gaida su, ka nuna musu, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda. Ka tambayi sunan wasan, wa ya tsara shi, wa ya riƙe kyamara, a wane gida aka ɗauka, yaya labarin ya ƙare. Wani zai tuna rabi, wani zai saɓa masa, ka rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Idan akwai wanda ke raye cikin 'yan wasan, ko iyalinsa, su ne farkon waɗanda za su ga kwafin kafin ka sa ko daƙiƙa ɗaya a Facebook ko TikTok. Idan bayan duk wannan labarin ya kama ka har kana so ka ƙarasa shi, ka zauna ka rubuta da hannunka, ka nemo 'yan wasa masu rai, ka sa wa aikin sunanka, ka faɗa a farkonsa daga inda ka samo tushen. Ka zo da kaset ɗin ranar Litinin bayan sallar azahar, a nannaɗe cikin tsumma mai tsabta, ka taho da littafinka na kasuwa.